Barcin Jariri Ba A Sayensa A Kwalba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni fili a cikin jaridar nan taka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan wani al'amari wanda ba a cika kawo shi cikin jarida ba, don ana ɗaukarsa zancen cikin gida, watau barcin jarirai sababbin haihuwa. Na san wani zai ce, ina ruwan namiji da zancen jego? To, ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, sa'an nan ya yanke hukunci.

Ni akawu ne, ina zaune a Falgore, bakin dajin nan da hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa. Shekaruna sun ɗan haura talatin, Allah ya ba ni 'ya'ya uku. A makarantar mishan na yi karatu, kuma tun da ya ke na iya Turanci, maƙwabta su kan kawo mini takardu in karanta musu. A cikin abin da a kan kawo mini, ba abin da ya kai kwalaben magani yawa. Mutum ya zo da sassafe, idanu sun yi ja, ya miƙo kwalba ya ce, "Malam, duba mini wannan, cokali nawa a ke ba jariri? Kwana uku ke nan ba mu runtsa ba." Na ga wannan a garinmu, na ji labarinsa daga abokan aiki na Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji, har na tabbata ba damuwar gida ɗaya ba ce. Shi ya sa na tambayi ma'aikatan lafiya, na karanta abin da likitoci suka rubuta, na haɗa da abin da na gani a ɗakina, na ce bari in rubuto. Iyakar abin da na ke so in faɗa shi ne, tashin jariri da dare halittarsa ce, kuma abin da zai gyara barcinsa yana cikin shirin ɗaki da hannun mutanen gida. Kwalba kuwa cutarta ta fi amfaninta.

Bari mu fara da yadda Allah ya yi barcin jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana bukatar barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda. Wanda ya ji haka zai yi mamaki, ya ce to me ke hana iyaye barci? Abin da ke hana su shi ne, jariri ba ya haɗa barcin nan wuri ɗaya. Gutsi-gutsi ya ke yinsa, awa 2 nan, awa 3 can. Dalili na farko cikinsa ne. Ran da aka haife shi, abin da tumbinsa ke ɗauka a sha guda bai fi ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba, nonon uwa kuwa ba ya daɗewa a ciki. Saboda haka tilas ya sha sau 8 zuwa 12 a kwana. Kowa ya raba awa 24 gida 8 ya ga abin da zai samu, awa 3 ne. Ashe uwar da ke tashi sau uku ko huɗu kafin asuba, lissafinta daidai ya ke, ba abin da ya sami ɗanta.

Dalili na biyu, bai san dare da rana ba tukuna. Wata 9 ya yi a wurin da rana ba ta fitowa, ba ta faɗuwa. A jikin ko wane mutum akwai wani abu kamar agogo, wanda hasken rana da duhun dare ke daidaita shi, shi ke kawo mana gyangyaɗi bayan lisha, ya tashe mu da asuba. Na jariri ba ya kama aiki sosai sai wajen wata 2 zuwa 3. Dalili na uku, kusan rabin barcinsa marar nauyi ne. Ka gan shi ido a rufe yana motsa baki, yana murmushi, yana nishi, yana zabura, har ya yi ɗan kuka guda ya yi shiru. Uwa ta ji motsi sai ta yi maza ta ɗauke shi, alhali kuwa barci ya ke yi, ita ce ta tashe shi da hannunta. Da za ta dakata minti ɗaya ko biyu ta duba, sau da yawa da kansa zai koma.

Har wa yau akwai zancen kuka. Likitoci sun lura kukan jarirai ya kan fara ƙaruwa daga mako 2, ya kai matuƙa wajen mako 6, sa'an nan ya yi ta raguwa zuwa wata 3 ko 4, kuma ya fi yawa da maraice. Jama'a, ku lissafa da ni. Mako 6 kwana 42 ne, watau daidai lokacin da mai jego ta yi arba'in, ta gama wanka, ta dawo ɗakin mijinta in gida ta tafi. Miji ya karɓi ɗa a tsakiyar kukansa, sai ya ce an sangarta yaro a gidan surukai. Surukai kuwa su ce ai lafiya lau muka ba da shi, can ne aka yi masa wani abu. Ba laifin kowa, lokacin ne ya zo haka. Ɗana na biyu ya yi irin wannan kuka, daga magariba har wajen ƙarfe 11 na dare, mako da makonni. Aka auna shi a asibiti, aka ce lafiyarsa ƙalau, yana ƙara nauyi. Ba mu ba shi kome ba sai nono da hannu. Yana shiga wata na huɗu kukan ya ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina.

To, yanzu ga zancen kwalba. Iyaye in sun gaji, kowa ya shigo barka sai ya kawo tasa dabara. Wannan ta ce ƙishirwa ce, a ba shi ruwa. Waccan ta ce ciwon ciki ne, a ɗura masa jiƙo. Wani ya ce a lasa masa zuma. Wani kuma ya ce akwai wani magani a kemis, cokali guda sai safe. Duk da kyakkyawar niyya su ke faɗa, amma bari mu duba su ɗaya ɗaya.

Ruwa dai jariri ba ya bukatarsa kafin wata 6, ko da a cikin zafin bazara ne, domin nonon uwa kansa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. In aka cika ɗan tumbin nan da ruwa, an tare wurin abinci, yaro ya tashi da yunwa ba da jimawa ba. In ruwan na rijiya ne ko na rafi, ga zawo ya biyo baya. Jiƙo kuma ba wanda ya san ƙarfinsa. Saiwar da babba zai sha ya tafi gona, hanta da ƙodar ɗan kwana 10 ba su iya da ita. Zuma magani ce ga babba, ba mai musu, amma likitoci sun hana a ba yaro kafin ya cika shekara 1, don ta kan ɗauko ƙwayar wata cuta mai shanye jiki, wadda hanjin jariri bai iya kashewa ba tukuna.

Maganin kemis shi ya fi ba ni tsoro. Yawancin kwalaben da a ke kawo mini na mura ne, ko na tari, ko na ƙaiƙayi, irin waɗanda ke sa babba gyangyaɗi. Ba a yi su don jariri ba, a cikinsu ma akwai wanda ya kan danne numfashin ƙaramin yaro. Wanda aka ba irin wannan ya kwanta shiru, magani ne ya kayar da shi. Zai wuce lokacin shan nono, nonon uwa ya ragu don ba a tsotsa ba, gobe ya tashi da yunwar da ta fi ta jiya, a ƙara masa cokali. Ban da haka, ba mu san abin da ke cikin ko wace kwalba ba. Masu karatu za su tuna, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara aƙalla 84 suka rasu a Nijeriya saboda wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda wani ruwa mai guba ya shiga cikin haɗinsa, ya lalata musu ƙoda. Waɗansunsu nan Zariya aka kai su asibiti. Iyayen yaran nan ba su nufi kome ba sai 'ya'yansu su sami sauƙi, su ma su runtsa. Saboda haka duk wanda ya kawo mini kwalba domin jariri, amsata guda ce: in ba ma'aikacin lafiya ne ya ga yaron da idonsa ya rubuta ba, mayar da ita.

Mai karatu zai ce, ka hana mu wannan, ka hana mu wancan, to me za mu yi? Abin mamaki, yawancin abin da likitocin duniya ke koyarwa yau, iyayenmu mata sun riga sun san shi. Jariri ya fito daga wurin da ya ke a matse, da ɗumi, ana jijjiga shi in uwa na tafiya, yana jin bugun zuciyarta dare da rana. Duk abin da ya tuna masa da can shi ke kwantar masa da hankali. Wankan maraice da ruwa mai ɗumi, shafa masa man kaɗe ana ɗan tausa gaɓoɓinsa, rungume shi a ƙirji ana kai da kawowa, rarrashi da murya ƙasa-ƙasa, goyo in ya yi ƙwari, waɗannan duka magani ne wanda ba a biyan ko kwabo. A birnin Bogota na ƙasar Kolambiya, a 1978, wani likita mai suna Edgar Rey ya rasa isassun kwalaben reno na bakwaini a asibitinsa, sai ya sa iyaye mata su riƙa ɗaure 'ya'yansu a ƙirji, fata da fata. Yau dabarar nan ta gama duniya, har asibitocinmu ana koyar da ita. Jaririn da ke manne da fatar uwarsa jikinsa ya fi riƙe ɗumi, numfashinsa ya fi daidaita, kukansa ya fi ragewa. Sai dai mai goyo ta riƙa duba fuskar yaro, kada zane ko mayafi ya rufe masa hanci, kada kuma haɓarsa ta dunƙule a ƙirjinsa.

Abin da zan ƙara a kan na iyayenmu kaɗan ne. Na farko, a bar shi ya ƙoshi. Ya tsotse nono guda sosai kafin a juya shi ga ɗayan, domin na ƙarshe-ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki. In ya gama a ɗora shi a kafaɗa, a shafa bayansa har ya yi gyatsa. Na biyu, a koya masa dare da rana. A ƙauyukanmu ɗakin mai jego ya kan zauna a rufe, taga a toshe da tsumma, rana tsaka kamar dare. Da dare kuma sai a kunna fitila, 'yan barka da yaran gida su cika ɗaki da hira. Ina yaro zai gane wanne ne wanne? A buɗe taga da safe, a zauna da shi bakin ƙofa cikin inuwa inda haske ke shigowa, a bar daka da surutun gida su yi ta tafiya. Da dare kuwa a rage haske, kada a haska masa tocila ko wayar hannu a fuska, a ba shi nono shiru ba wasa, a mayar da shi. Na uku, kada a jira sai ya gaji ƙwarai. Sabon jariri ba ya jure zama ido biyu fiye da awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Da ya fara hamma, ko kau da fuska, ko ƙura wa wuri guda ido, lokaci ya yi. In aka bari ya wuce nan, gajiyar da kanta ke hana shi barci. Na huɗu, a riƙa bin tsari ɗaya ko wane maraice, wanka, mai, nono, rarrashi, kwanciya. Ba a kwana biyu za a ga amfaninsa ba, amma kafin wata 3 yaro zai gane cewa bayan wannan sai wannan.

Yanzu zan zo ga abin da ya fi barcin kansa muhimmanci, watau yaron ya kwanta ya tashi da rai. Akwai wata irin mutuwa da ke ɗaukar jarirai cikin barci, a kwantar da yaro lafiya a wayi gari ba shi. A ƙasashen Turai an daɗe ana bincikenta, aka gane kwanciyar rub da ciki na cikin manyan dalilanta. A Ingila aka yi shela a 1991 cewa a riƙa kwantar da jarirai rigingine. A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta hana rub da ciki a 1992, aka yi babban gangami a 1994, kafin shekara 10 irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Ba allura, ba ƙwaya, juya yaro kawai aka yi. Na san abin da iyayenmu mata ke tsoro, su kan ce in ya yi tumbuɗi a rigingine zai shaƙe. Amma in yaro na rigingine, hanyar numfashi ce a sama, hanyar abinci a ƙasa, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito ko ya zubo ta gefen baki. In yana rub da ciki kuwa, hanyar numfashin ce ke komawa ƙasa. Kwanciyar gefe ma ba ta da tabbas, don da ɗan motsi sai ya kife. Rub da ciki a bar shi sai yana farke, babba na kallonsa, don wuyansa ya yi ƙarfi.

Shimfiɗarsa ta zama mai tauri, a miƙe. Tabarma da zane a kai ta fi katifa mai lotsawa. Ba matashin kai, ba tarin tsummoki kewaye da kansa, mayafi kuma ya tsaya a ƙirji, fuska a buɗe. Mu nan galibi uwa da ɗanta shimfiɗa guda su ke kwana, ba kuwa zan yi kamar ban san haka ba. Abin da ya fi aminci shi ne a yi masa ɗan wurinsa dab da nata, inda hannunta zai kai. In kuwa tilas ne su haɗa shimfiɗa, to kada a sa shi tsakanin manya biyu, kada yayyensa su kwanta kusa da shi, kada bargon manya ya hau kansa, kada ya kwana jikin mai shan taba ko wanda ya sha maganin da ke sa barci. Bakwaini da wanda aka haifa ba nauyi sun fi kowa bukatar wurinsu daban. Uwa kuma kada barci ya kwashe ta a kan kujerar kushin da yaro a hannu, nan ne ya fi saurin zamewa ya maƙale.

Ƙasarmu ta kudancin Kano tana da abu biyu da ke hana jariri barci, sanyi da sauro. Wanda ya taɓa kwana a Doguwa, ko can cikin duwatsun Riruwai, a watan Disamba ko Janairu, ya san hunturun nan ba wasa ba ne. Sabon jariri kuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, lalle sai an rufa shi, an sa masa safa da riga a kan riga. Amma abin da mu kan yi shi ne a shigo da kaskon garwashi, a rufe ƙofa, a toshe taga, a kwana. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar wari, marar launi, wadda ke sa mutum barcin da ba ya tashi, jariri kuwa ta fi saurin kayar da shi. Hayaƙin janareta ma haka ne in yana kusa da taga. A ɗumama ɗaki tun da sauran maraice, a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar 'yar kafar iska. Yawan zafi shi ma haɗari ne. A sa hannu a ƙirjin yaro ko bayan wuyansa, in ana jin gumi an yi masa yawa, a rage. Hannu da ƙafa su kan yi ɗan sanyi ko da yana lafiya, kada a auna da su. Wutar nan ba jariri kaɗai ta shafa ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna yawan gashin jiki da yawan kunun kanwa na da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ke hana ta kwanciya da dare, a kai ta asibiti, kada a ce gajiyar reno ce.

Sauro kuwa, muna zaune ne a kan Kogin Kano, ga madatsar Tiga da aka gama a 1974 can wajen Bebeji, ga fadamu da gonakin shinkafa ko ina. Jaririn da sauro ke cizo ba zai yi barci ba, zazzaɓi kuma na biye. Maganin rigakafin da ma'aikata ke bi gida-gida suna ba yara da damina, daga wata 3 a ke fara shi, saboda haka sabon haihuwa ba shi da garkuwa sai gidan sauro. A ɗaura shi da kyau, a cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa, a ɗinke inda ya yage, a tabbata bai sauko a fuskar yaro ba. Maganin sauro na kunnawa kuwa a nisanta shi da ɗakin jariri, hayaƙinsa ya fi ƙarfin ƙirjinsa.

Jama'a, ga maganar da na fi so a riƙe. Mu kan yi ƙorafin jariri mai kuka, mu yaba wa mai shiru, mu ce wance ta yi dace, ɗanta ba ya tashi ko kaɗan. Wani lokaci shirun nan shi ne abin tsoro. Wani maƙwabcina an yi masa haihuwa, kwana huɗu ana ta yabon yarinyar don ba a jin muryarta. Wata tsohuwa ta fito da ita haske, ta ga idanu da tafin hannu sun yi rawaya, ta ce a tafi asibiti yanzu. Shawara ce. Aka sa ta ƙarƙashin wata fitila kwana da kwanaki, ga ta nan yau tana gudu a ƙofar gida. Da an ƙara kwana biyu ana yabo, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. A makonni biyu na farko, in jariri ya kai awa 4 bai tashi ba, a tashe shi a ba shi nono. Wanda ke samun isasshe, bayan kwana 5 zai riƙa fitsari wajen sau 6 a kwana. Amma in ya ƙi tsotso, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana jijjiga, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko numfashinsa ya kai 60 a minti guda, to ba zancen barci ba ne kuma. A ɗauke shi a nufi asibitin Tudun Wada, ko na Doguwa, ko wanda ya fi kusa. Mu da ke ƙauyukan bakin daji, hanya da nisa, mota ba kullum ba, tafiyar dare kuma ba mai sonta. Saboda haka in an ga alama da rana, a tafi da rana, kada a ce bari mu ga yadda zai kwana. Kafur ɗin da a ke sa wa cikin akwatin tufafi ma a raba shi da kayan jariri, don ya kan jawo wa waɗansu yara shawara mai tsanani.

Saura ku, 'yan'uwana maza. In an bi zancen nan har gindinsa, jariri yana samun barcinsa ko ta yaya, wadda ba ta samu ita ce uwa. Ta tashi sau huɗu da dare, gari ya waye ga daka, ga girki, ga wanki, ga yayyen yaro, in da kaka ne ga aikin masara ya cika tsakar gida. Mace in ta kai wannan hali, duk wanda ya miƙo mata kwalba za ta karɓa, ba kuwa za a ga laifinta ba. Wanda ya bar ta ta kai nan shi ne abin tambaya. Mu kan ce kunya, wai namiji ba ya ɗaukar ɗansa, balle ɗan fari. Kunya ado ce a gaban surukai da rana. Ƙarfe 10 na dare a cikin ɗakinka, wa ke kallonka? Ni dai a gidana, in an ci tuwon dare ta ba shi nono, sai in karɓe shi in yi ta zagaya tsakar gida da shi a kafaɗa, ita ta kwanta awa biyu ko uku. Gobe ina ofis a kan lokaci, ban kuma ji rawanin kowa ya faɗi ba. Wanda aikinsa bai bar shi ya yi haka ba, ya nemo ƙanwa ko goggo ta zauna, ya sayi itace da ruwa, ya rage mata girki, ya sallami 'yan barka in rana ta yi, don ta kwanta sa'ad da yaro ya kwanta.

Kuma duk wanda ke riƙe da jariri, namiji ko mace, in kuka ya kai shi maƙura har ya ji zuciyarsa na tafasa, kada ya girgiza shi. Wuyan jariri ba shi da ƙarfi, girgiza ta 'yan daƙiƙu ta isa ta zubar da jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance, ko ya nakasa, ko ya mutu. A ajiye shi rigingine a shimfiɗarsa, a fita a sha iska minti biyar, ko a kira wani ya karɓa. Kukan minti biyar ba ya kashe yaro. Mai jegon da kuma aka ga ba ta iya barci ko da ɗanta na barci, kullum tana hawaye, ba ta son abinci, ba ta son magana, wannan ciwo ne sananne da ke kama mata bayan haihuwa, yana kuwa da magani. A kai ta ga ma'aikatan lafiya, a daina yi mata faɗa.

Ina roƙon iyayenmu mata da ungozomomi, waɗanda suka reni mu har muka zama mutane, kada su ɗauki maganata raini. Yawancin abin da na lissafa a wurinsu muka gan shi. Abu huɗu kaɗai na ke roƙo a sake: a bar ɗura, a kwantar rigingine, a fitar da wuta, a ji tsoron shiru. Waɗanda Allah ya ba karatu kuma, in jaridar nan ta zo hannunku, ku shiga cikin gida ku karanta wa mata, domin su ne masu abin, da yawansu kuwa jarida ba ta isa gare su. In akwai likita ko ungozomar asibiti a cikin masu karatu da ke da ƙari a kan wannan, ya rubuto mu ƙaru.

Allah ya raya mana abin da ya ba mu, ya ba masu jego lafiya, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu, Falgore.